Amsa ga mai tambayar tuƙin Homa da kaka

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da ya turo murya jiya da daddare, wanda aka ba Homa (bas ɗin Toyota Hiace) zai riƙa yin Katsina zuwa Daura, wata rana ya zarce Kano ta Kazaure, yana tambayar me zai duba a mota tunda ruwa ya ɗauke. Na ji wasu sun ce maka waifa, wasu sun ce fitila. Duk gaskiya ne. Amma ni yadda na ji muryarka, abin da kake son ji shi ne ko yanzu da titi ya bushe za ka iya taka mota. To a'a. Da damina kowa a tsorace yake tuƙi. Da kaka kuwa ga kwalta busasshiya, ga fasinja, ga kaya, sai direba ya saki jiki.

Fara da lodi, don nan ne matsalar take. Fasinjan kaka ba ya zuwa hannu rabbana. Wannan da buhun gero, wancan da wake, wata da gyaɗa. Babban buhun gero cikakke kilo 100 ne ko kusa da haka. Buhu 5 kilo 500 ke nan, nauyin manya 7 a kan fasinjan da ka riga ka cika. Kamasho ba ruwansa, ya karɓi la'adarsa yana zaune a tasha, kai ne za ka taka birki a Mashi. Kuma inda ake sa kayan ya fi yawansu muni. A jibge su a baya, a bar but a buɗe a ɗaure da igiya. Me zai faru? Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunka, fitilarka ta koma haska sama tana kashe wa na gaba ido. Ga hayaƙin salansa yana dawowa cikin mota ta but ɗin, sai ka ga fasinjan baya na ciwon kai, kai ma barci na fizgarka. In ya zama dole ka ɗauki buhu, shimfiɗa shi a ƙasa, kusa da tsakiyar mota, a raba dama da hagu. Kada ka ɗora mai nauyi a kariyar saman mota. Homa doguwa ce, nauyi a sama shi ke kifar da ita a kwana.

Sai taya. Wallahi wannan abu yana ƙona mini rai. Mutum zai sayi tayar ƙaramar mota ta gwanjo ya sa wa bas don ta fi araha. Duba jikin tayar, ta Homa za ka ga 195R15C, wannan C ɗin shi ke nuna ta ɗaukar kaya ce. Akwai kuma lamba 4 a gefe, misali 2321, wato mako na 23 a shekarar 2021. 'Yan Rod Sefti shekara 4 suke lissafawa daga wannan rana, ko da zanen tayar bai cinye ba. Iska kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya, da geji, ba da dukan ƙafa ba, a bi abin da ke rubuce jikin ƙofar direba. Masu tsayawa da rana su sace iska wai taya ta yi zafi kada ta fashe, su ne ke fasa ta. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take yi tana ƙara zafi, har wayar ciki ta rabu da roba. Ramukan da damina ta bari kuma sun riga sun daki tayarod da boljoyin, je a ɗaga motar a girgiza, a yi alaimen. In ka ga ƙulli a gefen taya, cire ta, babu facin da ke gyara wannan.

Abin da ke kan titi kuma, ai ka san ƙauyukanmu. Shanya a bakin kwalta, gero, wake, barkono, a tare da duwatsu. Amalanken shanu ɗauke da dammuna ko kara, kayan sun fi shi faɗi, ba fitila ba komai, kuma daidai magariba suke dawowa daga gona. Makiyaya na tsallakawa da shanu zuwa gonakin da aka girbe. Dawa ba a yanke ta ba tukuna, ta rufe maka hanyoyin da ke fitowa daga gona, mai babur zai faɗo ba ka gan shi ba. A gudun kilomita 80, cikin daƙiƙa 1 ka ci mita 22, tun kafin ƙafarka ta kai birki. Doka ma 80 ta ba bas a irin titinmu, 50 a cikin gari. Ranar Lahadi kuwa, kasuwar Mai'adua da ta Charanci duk suna ci, ka sa a ranka tun daga nesa.

Na ce magariba, a'a, har da safe. Katsina zuwa Daura gabas ka nufa, rana na cikin idonka. Da yamma in kana dawowa nan ma ita ce a gabanka. Gilas mai ƙura da ƙwari in rana ta buge shi fari fat yake zama. Wanke ciki da waje, cika tankin ruwan waifa, kada ka kunna waifa a busasshen gilas, yashi zai karce shi.

Hazo in ya sauko daga Nuwamba, fitila dim za ka sa, ful dawo maka yake yi a ido. Hayaƙin ƙona daji ma haka, rage gudu tun kafin ka shiga, kada ka tsaya a tsakiyarsa. Iya kilina, wato matatar iskar inji, a fitar da ita duk mako a hure daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi, ta takarda ba a wanke ta. Ƙaiƙayi da ƙwari na toshe fuskar lagireto, sai ka ga allurar zafi na hawa alhali ruwa a cike yake. Wanke ta daga baya in inji ya huce.

Cikin garin Katsina ba zan ja ba, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya lokacin tashin 'yan makaranta sai haƙuri da masu Keke Napep. Tafiyar dare kuwa, musamman wajen Jibiya da Batsari, kowa ya san halin da ake ciki, ka tambayi 'yan yuniyon kafin ka ɗauki lodi. Ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta Rod Sefti. Kuma ka turo mini hoton lambobin tayoyin nan naka guda 4 da sifiya in gani.