Me ya sa koriyar leza ke dusashewa in an yi sanyi?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramar lezarka mai koren haske tana dusashewa da asubar hunturu, sai ka dumtse ta ta yi ɗumi take dawowa, kana zargin batir. Sanyi kan rage wa batir ƙarfi, amma galibi matsalar tana can ciki. Na daɗe ina kwance irinta tare da ɗalibai a ɗakin gwaji.

Yawancinsu ba kore suke fara fitarwa ba. Akwai ɗan dayod, wato 'yar ƙwayar lantarki mai fitar da haske; tsawon zangon haskensa, wato ma'aunin da ke ƙayyade launin haske, nanomita 808 ne, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ke zuga wani kiristal mai sinadarin niyodimiyam ya saki haske mai nanomita 1064, wannan kuwa ido ba ya ganinsa sam. Daga nan sai ya ratsa kiristal na biyu da ake kira KTP. A nan abin mamakin yake: in haske ya yi ƙarfi ƙwarai, ƙwayoyin haske biyu sukan haɗe su zama guda mai ninkin kuzari, zango ya koma rabi, wato 532. Koren ke nan. Hasken tocila bai kai wannan ƙarfin ba, shi ya sa ba a ga abin ba sai 1961, shekara guda bayan ƙera leza ta farko, lokacin da Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka harba jan haske cikin dutsen kwaz.

Sanyi yana gusar da zangon dayod ɗin daga inda kiristal na farko ke shansa sosai, yana kuma ɓata daidaiton da KTP ke buƙata. Ga shi haɗuwar ba ta yafiya: in hasken da ke shiga KTP ya ragu da rabi, sai koren ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya fi damuna, masu arha da yawa ba a sa musu gilashin tace ɓoyayyen hasken ba. Kore ya dusashe, amma wancan yana nan yana fita, ido kuwa ba ya ƙiftawa don abin da bai gani ba. Don Allah kada ka leƙa bakinta don duba ko ta mutu, kada kuma a bar wa yara. In za ka sake saye, nemi mai nanomita 520, dayod ɗinta kore yake fitarwa kai tsaye, sanyi bai cika damunta ba.