Kada ka shiga filin nan sai ka ga alat

Ƙanina, Allah ya sa albarka a sana'a. Na karanta tambayarka, wallahi sai da raina ya sosu, don abin da aka faɗa maka shi aka taɓa faɗa mini. Ka ce kwamitin gasar ƙwallon yankinku sun neme ka ka ɗauki hotunan wasannin kusa da na ƙarshe da kuma fainal, sun ce ka faɗi kuɗinka amma ka tuna aikin al'umma ne, kai kuma hoton biki da suna ka saba, ka rasa me za ka ce. To ka lura, mai rumfa da kujeru an biya shi, mai lasifika an biya shi, alƙalin wasa ma ba ya hura usur sai ya ji dumus. Mai hoto kaɗai ake tuna wa da al'umma.

Ni abin da ya faru da ni, wani ɗan siyasa ne mai neman kujera ya sa kofi a wata ƙaramar hukuma, cikin hunturu. Sakataren kwamiti abokin yayana ne, tun ina yaro yake shiga gidanmu. Muka yi ciniki, ya ba ni kuɗin mota, ya ce ciko sai ranar fainal, honorabul da kansa zai sallame ni. Na yi hayar doguwar lens, 70-200, a hannun wani ubangidana, na tsaya a bayan raga kullum tun daga La'asar. Ranar fainal aka tashi kunnen doki, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, rana ta riga ta yi ja. Ana cin ta ƙarshe jama'a suka ɓarke cikin fili, yara da babura suna ta zagaye, ƙura ta tashi har ba ka ganin wanda ke gabanka. Na rungume kyamara a ƙirji, na rufe ta da rigata, wani ya taka mini ƙafa, wani ya bangaje ni, haka na kutsa har na samu hoton miƙa kofi. Kafin a kira Magariba honorabul ya shige motarsa, gilashi a rufe, sai jar fitilar baya na hango.

Sakatare ya dafa kafaɗata ya ce gobe da safe. Amma don Allah in turo hotunan a daren, yaran honorabul na soshiyal midiya suna jira. Ban yi barci ba, na tace, na gyara, na tura. Gobe ta yi, ya ce ai kuɗi suna wurin ma'aji. Ma'aji ya ce shi ba a ba shi sunana ba. Ciyaman ya tafi Abuja. Daga baya wayar ma aka daina ɗauka. Na mayar da lens, ubangidana ya murza ta a kusa da kunnensa, muka ji yashi yana ƙara a ciki. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, ni na biya gyara daga kuɗin wani biki da na ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai, bayan 'yan makonni ina wucewa ta bakin tasha sai ga hotona a fosta, honorabul yana ɗaga kofi, an yanke ƙasan inda tambarina yake. Har yau ina haɗuwa da sakataren nan a wurin ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana murmushi, wai "mai hotonmu, ya aiki?" Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa nake gaya maka, kwamitin gasa ranar fainal yake mutuwa. Ana ɗaga kofi kowa ya kama gabansa, babu ofis, babu wanda za ka riƙe. Ka karɓi kafin alƙalami mai kauri, ni yanzu kashi 70 nake karɓa kafin in fita daga gida, ciko kuma kafin in saki hoto ko ɗaya mai cikakken girma. In sun matsa a daren, ka tura musu ƙanana guda biyar da tambarinka a tsakiya, a tsakiya fa, ba a gefe ba. Kuma mutum ɗaya za ka yi magana da shi, ya rubuto maka a WhatsApp: kwana nawa, wasa nawa, hoto nawa, nawa ne kuɗin, yaushe za a biya.

Maganar nawa za ka ce kuwa, ka ɗauki abin da kake karɓa a yinin biki guda, kada yinin fili ya gaza shi. Za su ce ai minti 90 ne. Minti 90 na 'yan wasa ne. Kai za ka zo tun kafin a shata fili don hoton ƙungiyoyi da manyan baƙi, ka kai Magariba, sannan ka kwana kana tacewa. A biki amarya tana tsaya maka. A fili kuwa gudun shota, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara, sai ka kai 1/1000 na daƙiƙa ko sama, ka danna ka riƙe, a cikin ɗaruruwan da za ka ɗauka kaɗan ne ƙwallo da fuska za su fito tare. Kuma shotar nan tana da iyaka. Kyamarar Canon 6D an ƙiyasta mata ɗauka 100,000, 5D Mark III kuma 150,000, wasa ɗaya kuwa ɗauka mai yawa yake ci. A kan wannan sai ka ɗora hayar lens daban, don da gajeriyar lens 50mm ba abin da za ka samo a filin da tsawonsa ya kai mita 100 sai tururuwa. Ka sa kuɗin mota zuwa da dawowa na kowace rana, da data, da cajin batir, da ɗan abin da za ka ba yaron da zai riƙe maka jaka. Kada ka je kai kaɗai, jaka tana ɓacewa a lokacin murna.

Wani abin takaicin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka, kayan aikinmu kuma da dala ake sayo su, amma har yanzu akwai 'yan uwanmu masu hoto a cikin zauren nan da ke karɓar farashin da. Wasu ma kyauta suke zuwa, wai don a san su. A san ka da me? Da araha za a san ka, baɗi ma a arahar za a neme ka. Ba na zagin kowa, na san halin da ake ciki, amma ku ne kuke sa in mun faɗi kuɗi a ce mana ga wane can zai yi a rabi.

Ka tambaye su tun yanzu me za a yi da hotunan. Na shafin gasa daban, na fosta ko tallan wanda ya ɗauki nauyi daban, kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ɗora asalin haƙƙi a kan wanda ya ƙirƙiri aiki, sai in an yi wata yarjejeniya, amma wa yake da kuɗin lauya a cikinmu? Rubutun nan na WhatsApp shi ne zai fi yi maka amfani.

Af, kuma ka ce musu kana da damar sayar wa 'yan wasa hotunansu kai tsaye. Yaran nan suna son hoton da za su sa a Facebook ko su tura wa masu neman 'yan wasa, wanda ya ci ƙwallo ba ya yi maka ciniki sosai, wani lokaci abin da za ka tara a nan ya kusa na kwamiti. Ka tafi da fulas saboda miƙa kofi, don duhu yake yi. Kada ka canza lens a tsakiyar fili ko da wasa, ka naɗe jikinta da leda ka sa roba, ka tafi da abin hura ƙura. In ba ka da inda za ka yi hayar 70-200, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in haɗa ka da wanda ba zai tsawwala maka ba.