Nauyina kilo 86, ga ciwon suga: in je Turkiyya a rage mini tumbi?

Wannan tambaya ta zo ne daga wata 'yar Katsina da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham ta Ingila. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Anti, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Ƙofar Ƙaura ce, shekaruna 36, 'ya'yana biyu. Tsayina mita 1.62, nauyina kilo 86. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da ciwon suga, ina kan magani. Wata abokiyar aikina ta je Turkiyya an rage mata tumbi, ta dawo ta zube, kuma kuɗin da ta biya bai kama ƙafar na asibitin kuɗi na nan ba. Ina so in ɗauki hutun mako biyu in je a yi mini, daga baya in zo gida bikin ƙanwata. Maigidana ya ce ƙibata ba ta kai ta tiyata ba. Inna kuma ta ce jikina ya yi kyau haka, kada in taɓa shi. A kan bizar aiki nake. Mene ne shawararki?"

Ƙanwata, Allah Ya ƙara lafiya. Ba zan ce miki tiyatar nan ba ta dace da ke ba, domin mai yiwuwa ta dace. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hanyar da kike shirin bi.

Mu fara da maganar maigida. Likitoci na auna ƙiba da wani lissafi da ake kira BMI: a raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Naki ya tashi kusan 33. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa 30 zuwa ƙasa da 35 a matakin farko na ƙiba, daga 35 mataki na biyu, daga 40 kuma na uku. Kina matakin farko ke nan. Da a ce shekarun baya ne, da maigida ya yi gaskiya ba ja, domin ƙa'idar da masana lafiya na Amurka suka kafa a 1991 ta ce sai wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da wata cuta da ƙibar ta jawo. An daɗe ana bin wannan. A 2022 ne manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni guda biyu, ta Amurka da ta duniya, suka sassauta: wanda ya kai 35 ana iya yi masa ko ba shi da wata cuta, wanda kuma ke tsakanin 30 da 35 a duba lamarinsa idan yana da ciwo irin na suga.

A Ingila inda kike, hukumar NICE ce ke tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'ida. Nata ma'aunin yana nan a 40, ko 35 tare da wata cuta mai muhimmanci, amma akwai abubuwa biyu a cikinsa da suka shafe ki kai tsaye. Na farko, wanda aka gano ciwon sugansa cikin shekara goma da suka wuce ana iya duba shi tun daga 30. Na biyu, ga baƙar fatar Afirka da mutanen Asiya ana rage 2.5 daga kowane mataki, saboda ciwon suga na kama mu a nauyin da bai kai na Turawa ba. Idan aka rage 2.5 daga 35, saura 32.5, ke kuma kin ɗara haka kaɗan. Ashe kina da hujjar da za ki zauna gaban likitanki na GP, wato likitan unguwa da kike rajista a wurinsa, ki nemi ya tura ki wurin masu wannan aiki su auna lamarinki. Ba lallai su amince ba, layin NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati, kuma yana da tsawo, yankuna ma sun bambanta wajen sakin kuɗi. Amma ƙofar a buɗe take, kuma ga alama ba wanda ya gaya miki.

Dalilin sassaucin ba kwalliya ba ne, ciwon suga ne. A asibitin Cleveland da ke Amurka an bi mutum 150 masu ciwon suga da ya ƙi jin magani, masu BMI daga 27 zuwa 43, aka fitar da sakamakon shekara biyar a 2017. Cikin waɗanda aka yi wa aikin karkatar da hanyar abinci, kashi 29 cikin 100 sugansu ya sauko inda ake so. Cikin waɗanda aka rage wa tumbi, kashi 23. Cikin waɗanda aka bari da magani kaɗai, kashi 5. Bambancin a fili yake. Sai dai ki dubi alƙaluman ta ɗaya gefen: ko cikin waɗanda aka yi wa aiki, mafi yawa ba su kai wannan matsayi ba, ko da yake sugansu ya yi sauƙi, magungunansu sun ragu. Masu tallar tiyata a Instagram ba sa kawo wannan rabin zancen.

Ki san kuma abin da ake yi wa jikin. A aikin da aka yi wa ƙawarki, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba, kuma abin da aka yanke ya tafi ke nan. A ɗayan aikin, na karkatar da hanyar abinci, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. A asibitin da ya ƙware, mutuwa a wannan aiki ba ta da yawa, kusan mutum ɗaya ne cikin dubu. Nauyin lamarin yana bayan an sallame ki. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sannan abinci mai laushi, sannan loma kaɗan-kaɗan. Za ki sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi har ƙarshen rayuwa, wasu har da allurar bitamin B12 duk bayan wata uku, da gwajin jini a kai a kai. Wasu gashinsu na zubewa a watannin farko, wasu ƙwannafi ya addabe su, wasu tsakuwa ta fito musu a matsarmama. Wasu kuma bayan shekaru wani ɓangare na ƙibar ya dawo. Ga mai kilo 150 da gwiwa ta gaza, numfashi ke sarƙe masa cikin barci, wannan farashi mai sauƙi ne. Ga mai kilo 86, sai an zauna an auna, kuma ciwon sugan nan ne kaɗai ya sa ma'aunin ya rinjaya wajenki. Da ba ki da shi, da na ce ki bar maganar tiyata gaba ɗaya.

Shi ya sa nake so ki fara tambayar likita wani abu da ya fi kusa. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna DiRECT, aka fitar da sakamakonsa a 2017: an sa masu ciwon suga da bai daɗe ba a kan abinci ɗan kaɗan na wasu watanni ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, kuma cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. A kan wannan NHS ta Ingila ta gina wani shiri na kyauta, mako 12 na miya da abin sha da aka auna, sannan a koma abinci sannu a hankali tare da mai bibiya. Ana karɓar wanda aka gano ciwonsa cikin shekara shida, kuma shekarunki da nauyinki sun shiga. Shirin yana da wuya, musamman ga mai aikin dare, kuma wasu ciwon kan dawo musu idan nauyi ya dawo. Amma idan bai yi ba, tumbinki na nan. Akwai kuma alluran Wegovy da Mounjaro da ke rage nauyi sosai muddin ana yin su. Likita ne zai ce ko kin cancanta. Kada ki saya a hannun masu talla a waya, akwai jabu.

Yanzu Turkiyya. Akwai ƙwararrun likitoci a can, ba na musu. Matsalar tsarin ce: a kai ki otal, a yi aiki, bayan 'yan kwanaki a sa ki a jirgi. Ɗinkin tumbi kan iya yoyo bayan kin bar ƙasar, zaman jirgi bayan tiyata kuma na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. A 2023 binciken BBC ya gano 'yan Birtaniya bakwai da suka rasu bayan irin wannan aiki a Turkiyya tun daga 2019. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar tiyatar da mutum ya je yi da kansa. Idan kika dawo da matsala, sashen gaggawa zai karɓe ki, amma bibiyar shekara biyu da ake yi wa wanda aka yi wa aiki a NHS, da mai tsara abinci da gwaje-gwaje, ba ta zama dole a kansu ba. Araha ba ta ado. Ƙawarki ta dace, Allah Ya ƙara mata lafiya, amma wurin da zai karɓi kuɗinki ta WhatsApp ba tare da ya ga takardun sugarki ba, ba lafiyarki ce a gabansa ba.

Sai takardu, kuma nan ne nake ganin ba ki yi lissafi ba. Aikinki na ɗaga tsofaffi ne da juya su a gado. Bayan wannan tiyata ana hana ɗaukar nauyi na mako huɗu zuwa shida. Hutun mako biyu ba zai kai ki ba. Kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarki dole ne ya sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya idan kika yi fiye da kwana goma na aiki a jere ba ki zo ba kuma ba izini. Hutun da ba albashi idan ya wuce mako huɗu a shekara shi ma yana iya taɓa bizar, sai dai hutun rashin lafiya na cikin abubuwan da aka keɓe. Ma'ana, komai ya dogara ga takarda. Bayan kwana bakwai na rashin lafiya ana buƙatar takardar likita, kuma ta fi sauƙin samu idan likitanki ya san da aikin tun farko. Idan kamfani ya janye daga ɗaukar nauyin bizar, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani ko ya bar ƙasar. Kuɗin jinya na doka kuma ɗan kaɗan ne, ba zai riƙe haya da abin da kike aikowa gida ba. Ki duba kwantiraginki ki ga abin da suke biya, ki tara na wata biyu a gefe, ki kuma sanar da 'yan gida cewa aike zai ragu na ɗan lokaci. Kwanakin da kika yi a wajen ƙasa ma ki riƙa rubutawa, domin mai neman zaman dindindin ba a so ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12.

Maganar biki kuwa, ki raba ta da maganar tiyata. Na fahimci son ki shigo cikin dangi anko ya zauna miki, ba laifi ba ne. Amma wadda aka yi wa aiki wata biyu da suka wuce ba ta da abin yi a gidan biki a Katsina. Ruwa sai kurɓi-kurɓi, alhali zafinmu na bazara yana haura digiri 40, kuma ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da suka fi mayar da masu wannan aiki asibiti. Lemon kwalba ya haramta gare ki. Fura mai sukari ko kunun zaƙi, musamman ga wadda aka karkatar wa hanyar abinci, na iya jawo jiri da zufa da bugun zuciya nan take. Kowace gwaggo za ta ajiye miki kwanon tuwo ta zauna tana kallo, ki ci loma uku ki ture, a ce kin koyo girman kai a Turai. In ciwon jiki ya kama ki aka aika kemis, abin da za a kawo miki irin su ibuprofen da diclofenac ne, waɗanda ake hana masu wannan aiki saboda gyambon ciki. Ki zo bikin da jikinki yadda yake, ki yi rawarki.

Abu biyu kuma da ba ki ambata ba. Idan kuna son ƙarin haihuwa, ana so mace ta jira wata 12 zuwa 18 bayan aikin kafin ta ɗauki ciki, kuma ciki kan zo da sauƙi idan nauyi ya sauka, don haka wannan shawara ce ta ku biyu da maigida. Sai azumi: likitoci kan hana azumin farko bayan aikin, domin ƙaramin tumbi ba zai ɗauki ruwan da zai riƙe ki yini guda a sahur ba. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki kuma sa watan Ramadan cikin lissafin ranar da za a ba ki.

Inna kuma kada ki ɓoye mata. A wurinta cikar jiki alama ce ta kwanciyar hankali a gidan miji, kuma ta san abin da unguwa za ta ce idan 'yarta ta dawo a rame: ko miji ya gaza, ko wata cuta ce ake ɓoyewa. Tsoronta ke nan, kuma ba ta yi ƙarya game da bakin mutane ba. Kada ki kawo mata zancen ƙiba, ki kawo mata zancen suga. Ba gidan da ke Katsina da bai san wani da wannan ciwo ya taɓa wa ido ko ƙoda ko ƙafa ba. Idan ta gane abin da kike gudu ke nan, ita da kanta za ta tare miki masu tambaya. Maigida kuma ki tafi da shi ganin likita, ya ji lissafin 32.5 ɗin nan daga bakin da ba naki ba. Ki riƙe sakamakon gwajin sugarki na baya-bayan nan da sunayen magungunanki, ki nemi a rubuta a fayil ɗinki cewa kin nemi shirin abincin nan na mako 12, kin kuma nemi a tura ki wurin masu duba ƙiba.