Shagon kayan abinci a Greensboro: in zauna ko in koma Atlanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Maraɗi ne, shekara shida ke nan ina tuƙin mota a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. Na tara ɗan jari, ina so in buɗe shagon kayan abincin gida. Abokai sun ce garin ya yi kaɗan, in koma Atlanta. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni dai cewa zan yi ka zauna inda aka san fuskarka. Greensboro ba ƙauye ba ne. A ƙidayar 2020 mutanensa sun kai kusan 299,000, shi ne na uku a jihar bayan Charlotte da Raleigh. Manyan hanyoyin I-40 da I-85 nan suke haɗuwa, don haka kawo kaya ba zai ba ka wahala ba. Ga 'yan Nijar da suka daɗe da zama, ga ɗaliban jami'o'in NC A&T da UNC Greensboro. In ka je Atlanta, manyan diloli za ka tarar sun riga ka kama layi, kai kuwa ko kwastoma ɗaya ba ka da shi.

Kuma Greensboro shi ne hedkwatar gundumar Guilford, saboda haka rajistar sunan shago a ofishin rajistar takardu na gunduma (Register of Deeds) za ka yi ta, nan cikin gari. Amma in kamfanin LLC kake so, wato wanda doka ke raba dukiyarsa da taka, kuma shi na fi so maka domin bashin shago kada ya bi ka har gida, wannan na ofishin sakataren jiha ne a Raleigh: dala 125 wajen buɗewa, dala 200 duk shekara. Harajin ciniki kan kayan cefane kashi 2 ne cikin ɗari, na sabulu da man shafawa ya fi haka, sai ka raba su tun a na'urar lissafi.

Kilishi fa, ka cire rai. Doka ta hana shigo da nama daga Nijar ko Nijeriya. A filin jirgi za a ƙwace, wataƙila har da tara. Gero, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da manja, ka saye su hannun masu shigo da kaya da ke da takardu. Ka ƙara da garin rogo da doya, don 'yan Ghana da Yarabawa su ma su shigo. Hausawa kaɗai ba za su biya maka haya ba, ga shi su ne za su fara cewa "rubuta, sai ƙarshen wata". Kada ka ajiye tuƙin nan tukuna, sai shagon ya yi wata shida yana biyan hayarsa da kansa.