Cytoscape Ko COPASI: Wacce Ce Za Ta Yi Wa Ɗaliba Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen baiyokemistiri. Malamin da ke duba aikina ya ce in kwaikwayi yadda ƙwayar halitta ke sarrafa sukari, a kwamfuta. Ƙawata ta ce in sauke Cytoscape, wani kuma ya ce sai MATLAB. Laftof ɗina RAM 4GB gare shi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai amsar wata tambayar ta ba ki. Cytoscape, wadda aka fara a birnin Seattle na Amurka a 2002, manhajar zane ce: tana nuna wane furotin ke hulɗa da wane, kamar taswirar titunan gari. Amma taswira ba ta faɗin motoci nawa ke wucewa a minti guda, kuma wannan ne malaminki ke nema: in an zuba gulukos kaza, nawa zai rage bayan daƙiƙa 60, wane inzayim (furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai) ne ke jan ƙafa.

Wannan aikin wata manhaja ce mai suna COPASI. Kyauta ce, ba ta da nauyi, 4GB ya ishe ta. Pedro Mendes da Ursula Kummer ne suka jagoranci gina ta, bisa tsohuwar manhajar Mendes mai suna Gepasi. Ke dai ki shigar da sinadaran, da matakan da suke bi, da saurin kowane mataki. Ita za ta haɗa lissafin ta zana miki jadawali. In ƙwayoyin sinadarin 'yan kaɗan ne, har dace ya shigo cikin lamarin, tana da dabarar lissafin irin wannan yanayi, wadda masanin kimiyya Gillespie ya wallafa a 1977. MATLAB kuwa na da SimBiology, kunshin da ke yin irin wannan kwaikwayo, yana aiki sosai, amma na kuɗi ne. Kada ki je a sa miki na sata a kasuwar waya, ki kwaso wa laftof ɗinki cuta ana saura wata guda ki miƙa aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambobin saurin inzayim, su Km da Vmax. Manhaja ba ta san su ba, abin da kika ba ta shi za ta tauna, ko da shaci-faɗi ne, kuma ta fitar da jadawali mai kyan gani. Don haka kada ki fara daga farar takarda. Shiga BioModels, rumbun intanet na samfuran lissafi da masu bincike suka riga suka gina, ki nemi samfurin Teusink na 2000 kan sarrafa sukari a yis, ko na Bakker kan ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon barci. Sauke shi a tsarin SBML, wato nau'in fayil na adana irin waɗannan samfura, wanda COPASI ke buɗewa kai tsaye. Ki fara fitar da sakamakon da masu shi suka samu tukuna, sannan ki rage ƙarfin inzayim ɗaya da rabi ki ga abin da zai faru. Nan aikinki zai fito.

Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, ni waya kawai gare ni. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, ɗan'uwa, amma da wahala. Buɗe Google Colab a burauza, shafin da ake rubuta Python (yaren ba kwamfuta umarni) a kai, ka girka Tellurium, kunshin Python mai karanta SBML. Lissafin a kwamfutocin Google ake yin sa, wayarka allo ce kawai. Sai dai dole data ta zauna, kuma rubuta Python da babban yatsa sai mai haƙuri. Ka nemi ƙaramin kibod na Bluetooth.