Shin duba rubutun manhajar juna ɓata lokaci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundare. Ni da abokaina biyu mun rubuta wata manhajar waya da masu shaguna a Garwa ke rubuta kayansu da basussukansu a ciki. Yau shekara biyu ke nan, kuma duk sanda muka gyara wani wuri sai wani ya lalace. Na ce mu riƙa duba aikin juna kafin a haɗa shi da sauran, amma abokina ya ce ɓata lokaci ne tunda manhajar tana aiki. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya tana wurinka, sai dai ba don dalilin da mutane suka fi kawowa ba, wato kama kurakurai. Bita, wato duba aikin juna, tana kama kuskure, amma ba koyaushe ba. A ƙarshen shekarar 2011 an shigar da wani gyara cikin OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa, kuma an duba gyaran kafin a karɓe shi, duk da haka ba a lura cewa babu layin da ke tantance tsawon saƙo ba sai a watan Afrilun 2014, lokacin da ɓarakar da aka kira Heartbleed ta bayyana. Saboda haka kada ka yi wa abokinka alkawarin cewa bita za ta kawar da kowace matsala.

Babban amfaninta yana wurin tsarin manhajar, kuma wannan ba ya nuna kansa sai an yi nisa. Bari in kawo misali daga irin aikinku. A ce kai ka rubuta shafin da ake shigar da sabon mai saye, ka sa sharaɗin cewa lambar waya sai ta cika alƙaluma tara, kamar yadda lambobin Kamaru suke tun 2014 da aka ƙara 6 a gaban na wayar hannu. Bayan wata uku abokinka ya rubuta shafin aika wa wanda ake bi bashi tunatarwa, bai san ka riga ka yi wannan aikin ba, ya sake rubuta sharaɗin a nasa wurin. Na ukunku ma ya kwafa ya liƙa a shafin rasit. Komai yana tafiya lafiya, har ranar da wani ɗan kasuwa a Kusiri ya zo shigar da abokin cinikinsa na Njamena wanda lambar wayarsa alƙaluma takwas ce. Ka gyara wuri ɗaya, sauran biyun suna nan suna ƙin karɓa, kuma babu wanda ya tuna suna nan. Da a ce an duba aikin abokinka a ranar da ya rubuta shi, tambaya ɗaya ta isa: ai muna da wannan a wani wuri, me ya sa ba za mu kira shi daga can ba? Wani masanin rubuta manhaja mai suna Ward Cunningham ya kwatanta irin wannan tarin gajerun hanyoyi da bashi tun 1992, kuma kwatancen ya dace, domin ruwansa yana hauhawa ne a duk gyaran da za a yi nan gaba.

Abu na biyu shi ne ilimin manhajar ya daina zama a kan mutum ɗaya. Ku ɗalibai ne, kuma ranar da ɗayanku ya samu aiki a Duwala ko Yawunde, sashen da shi kaɗai ya sani zai zama ɗakin da aka kulle aka tafi da mabuɗi.

Amma fa abokinka ba shi da laifi idan irin bitar da ya sani ita ce a turo wa mutum layi dubu biyu da dare, ya leƙa sama-sama ya ce ya yi kyau. Wannan kam ɓata lokaci ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun 1976 da Michael Fagan ya bayyana tsarin duba aiki na kamfanin IBM, ana ƙayyade yawan abin da za a karanta a zama ɗaya, saboda ido yana gajiya. Ku riƙa tura gyara ƙarami mai manufa ɗaya, da gajeren bayanin dalilinsa. Idan kuna ajiye aikinku a GitHub ko GitLab, shafukan intanet da ake adana rubutun manhaja a ciki, akwai hanyar da za a hana haɗa gyara sai wani ya amince, kuma tsokacin da aka yi yana nan a rubuce ga wanda zai zo daga baya.

Akwai kuma abin da bita ba ta iya gyarawa. Idan shawarar ta shafi ginshiƙin manhajar, kamar yadda za ta adana ciniki a lokacin da babu intanet ko wuta ta ɗauke, sannan ta daidaita bayanan daga baya, to ku zauna ku zana ta a takarda kafin kowa ya taɓa kwamfuta, domin wanda ya kwana bakwai yana rubutu ba ya son jin a ce ya rushe. Game da tsohon rubutun da kuka tara kuwa, ban ba ku shawarar sake shi gaba ɗaya ba. Duk sashen da gyara ya kai ku gare shi, ku tsabtace shi a lokacin, ku fara da wurin lambar waya da wurin lissafin kuɗi.