Ɗanyen Waken Suya da Aikin Fankiriyas

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon kaji, kuma ina sana'ar awara. An gargaɗe ni kada in ba kaji ɗanyen waken suya, wai yana tsumburar da su, yana kumbura musu fankiriyas. Mene ne gaskiyar maganar, kuma shin awarar da nake sayarwa tana da wannan illa? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gargaɗin da aka yi miki yana da tushe. Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda take zuba ruwan narkar da abinci a farkon ƙaramin hanji, kimanin lita ɗaya da rabi kullum ga babban mutum. Ba ta yin wannan aiki kara zube, domin hanjin ne yake aika mata saƙo ta cikin jini. Idan tsamin tumbi ya gangaro, hanji yana sakin sinadarin sikiritin, wanda masana kimiyya Bayliss da Starling suka gano a Landan a 1902, shi ne kuma yake sa fankiriyas ta fitar da ruwan da ke kashe kaifin tsamin. Idan kuwa maiƙo ne ko furotin ya iso, sai hanji ya saki wani sinadarin da ake taƙaita sunansa da CCK, wanda yake sa ta zubo sinadaran narkarwa, ya kuma matse matsarmama.

Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne yadda ake tsayar da aikin. Cikin sinadaran narkarwa da fankiriyas ke zubowa akwai tirifsin, mai narkar da furotin. Muddin akwai nama ko wake a hanji, tirifsin yana fama da su, saboda haka wani ƙaramin furotin da bangon hanji ke fitarwa don tayar da CCK yakan tsira, saƙon neman ƙari ya ci gaba da tafiya. Da zarar abincin ya narke, tirifsin sai ya juya ya cinye wannan ɗan saƙo, fankiriyas ta sarara. An tabbatar da haka sosai a gwajin ɓeraye.

Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani abu da ke ɗaure tirifsin ya hana shi aiki. Hanji sai ya ɗauka ƙaranci ake yi, ya dinga kiran ƙari ba dare ba rana, har gaɓar ta girma fiye da ƙima, alhali furotin yana wucewa bai narke ba. Shi ya sa kajin suke ci amma ba sa yin nauyi.

Zafin wuta yana lalata mafi yawan wannan abu, don haka awararki ba abin fargaba ba ce, matuƙar kina barin madarar ta tafasa sosai kafin ki zuba ruwan tsami. Waken kaji kuwa a gasa shi ko a dafa kafin a niƙa, amma kada a bari ya ƙone, domin ƙonewa tana rage amfanin furotin ɗin. Dusar da kika tace daga ɗanyen ƙullu ita ma a dafa ta tukuna.